Lurwanu Mai Shari'ar Misfala

Lurwanu ko saukar Alƙur'ani bai yi ba, balle ya san littafin shari'a. Ɗan ga-ruwa ne a unguwar Misfala, mutumin Damagaram, wanda ya iso Makka a ƙafa bayan shekara shida a hanya. Amma da mai sasanta Hausawan unguwa ya rasu ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, shi aka ɗora.

Ba don hikimarsa aka zaɓe shi ba. Kwana uku dattawa suna ja-in-ja: Kanawa suka ce sai nasu, Sakkwatawa suka ce allambaram, waɗanda suka taso daga Sudan suka ƙi duka biyun. Can wani ya tuna da Lurwanu, ba ƙane, ba suruki, babu inda zai karkata. Aka kai sunansa wurin umda, wato mai unguwa, ya buga hatimi. Sharaɗi ɗaya suka gindaya: muddin yana kan aikin, ba zai auri 'yar unguwa ba. Masu wannan hukunci kuwa kowa ya koma gida ya tarar matarsa ta rufe masa tuwo.

Aikin ba na zaman kujera ba ne. Shi ke raba faɗan layi a wurin ɗiban ruwa, shi ke auna iyakar bukka da bukka da igiya, shi ke ajiye kayan alhajin da ya mutu har wani ɗan garinsu ya zo. Abin da ya fi ƙarfinsa ya raka masu shi gaban alƙali, ya yi tafinta. Ya iya sauraro, kuma ko shayi ba ya sha a gidan mai ƙara.

Kunun Baraka kaɗai yake sha. Bakanuwa ce mai sayar da kunun gyaɗa a bakin titin Mansur, mijinta ya rasu a Sawakin kafin su haye teku. Tana tsokanarsa, yana sunkuyar da kai kamar yaro, har dai ya faɗa mata abin da ke ransa. Ya ce ta ba shi zuwa bayan aikin hajji ya ajiye shari'ar su yi aure.

Bayan hajji dattawa suka zo, suka ce in ya sauka unguwa za ta kama da wuta. Ya ƙara shekara. Wata shekarar ambaliya ta share iyakokin bukkoki, ya ƙara. A gaskiya ma ya ji daɗin yadda ake ce masa Shehi, wannan kuwa shi ya cuce shi.

A shekara ta huɗu Baraka ta zo rumfarsa da hantsi, ta tsaya inda masu ƙara ke tsayawa.

"Ya Shehi, Mukhtaru mahauci ya nemi aurena, na amsa."

"Baraka, bana fa zan sauka, wallahi."

"Halas, ya isa haka, Lurwanu, na gaji. Ba wannan ya kawo ni ba. Ba ni da uba a nan, ba ni da wa. Alƙali ya ce mai shari'ar unguwa shi zai tsaya mini waliyyi."

Ya nemi hanyar zamewa, ya rasa. Mata nawa ya aurar a haka? Aikinsa ne.

Shekara goma sha ɗaya ya ƙara yana shari'a, bai yi aure ba har ya koma ga Allah, kuma ba a taɓa cewa ya zalunci wani ba. Amma abin tausayin da tsofaffin Misfala ke tunawa shi ne ranar ɗaurin auren nan bayan la'asar. Masallaci ya cika, liman ya tambayi waliyyin amarya ko ya bayar.

Lurwanu ya ce, "Na bayar."

Liman ya ce shaidun baya ba su ji ba, ya ɗaga murya ya sake faɗa.