Gasar Ummu Ragab a Gadon Asibiti

Ummu Ragab mai suyar kifi ce a birnin Damiyat na ƙasar Masar, ga surutu ga son gasa. Tun haihuwarta ta shida fitsari yake kufce mata ko tari ta yi. Ta daɗe tana ɓoyewa, har 'yarta ta ja ta asibiti aka yi mata aiki.

Da ta farfaɗo, ta ga an ɗaura mata ruwa. Nas ta ce, "Inna, ruwan nan zai cika mafitsara. Sai kin yi fitsari da kanki za mu sallame ki."

"Oh ni! Da ba ya tsayawa, yau kuma lallashinsa zan yi?"

A gadon kusa akwai Madam Ihsan, malamar makaranta, ita ma fitsarin take jira. Ummu Ragab ta harari ledar ruwanta. "Taki ta fi tawa gudu, 'yar'uwa. An yi son kai!"

Malamar ce ta riga ta. Bayan la'asar Ummu Ragab ta fito daga banɗaki tana tafi. "Ya zo! Kuma sai da na ba shi izini!"

Mota ɗaya suka shiga zuwa gida, suna gardamar wadda ta fi yi da yawa.