Mai Tambayar Suruki Ne

Har gobe ba zan manta da wata safiyar Laraba a damina ba, ina babban ma'aikacin jinya a wani ƙaramin asibiti a Fadaman Mada. Tsarinmu shi ne ni nake fara ganin marar lafiya, in auna shi, in yanke ko zai jira layi ko a shigar da shi wurin likita nan take.

Sai ga Malam Sani, malamin makaranta, riƙe da wani dattijo, Baffa Buba daga Tirwun, mahaifin matarsa. Malam Sani na cikin masu amfani da manhajar nan ta waya da ake faɗa wa abin da ke damun mutum, ta hasaso cutar. Yawanci malamai ne da ɗalibai da matan sojoji, kuma ban raina ta ba, don ta sha koro mana mutane da wuri.

Ya ce, "Kumburin ciki ne kawai, Malam. Waya ta ce ya yawaita shan ruwa. Tun jiya nake ɗura masa."

Dattijon kuwa gumi yake, ya kasa zama daidai. Na taɓa mararsa, na ji ta yi tauri kamar ƙwarya.

Na ce, "Wa ya yi masa tambayoyin da manhajar ke yi?"

"Ni. Ba wadda na tsallake. Har ta fitsari, ya ce lafiya lau."

Nan na gane. Na aiki Malam Sani yankan kati, na ja labule.

"Baba, yaushe rabonka da fitsari?"

Ya sunkuyar da kai. "Tun shekaranjiya, ɗana."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Mijin 'yata ne fa. Da wane bakin?"

Haushi ya kama ni, tausayi ya danne shi. Na shigar da shi ba layi, likita ya sa masa robar fitsari, ya ce da an ƙara jinkiri da ƙoda ta taɓu.

Malam Sani ya so goge manhajar. Na ce bar ta, abin da aka gaya mata ta faɗa. Ban ƙara masa komai ba, don Baffa ya roƙe ni in rufa masa asiri.

Ku sabbin ma'aikata, mutanenmu sun fi jure ciwo a kan kunya. In an miƙo muku waya, kafin ku karanta abin da ta ce, ku fara bincika ko wane ne ya riƙe ta.