Kwana Dubu Babu Rauni

Shekara goma sha tara na yi ina raba fitila a mahaƙar jan ƙarfe ta garinmu, kusa da Chingola. Duk mai gangarawa rami a hannuna yake karɓar fitilarsa, in ya fito ya dawo mini da ita. Ta nan na san Ba Kasonde Chishimba. A wurinmu "Ba" ake sa wa a gaban sunan mutum don girmamawa.

Aikinsa ƙwanƙwasar dutse. In an fasa wuri da nakiya, shi ke fara shiga da doguwar sandar ƙarfe, yana bugun rufin ramin yana kasa kunne. In dutsen ya amsa garau, a shiga. In ya yi ƙara kamar fasasshiyar tukunya, kowa ya ja baya. Mutum ne siriri, ba giya, ba surutu. Duk duniya ba shi da abin so kamar ƙanensa Nkole, wanda ya tashi a hannunsa, kuma shi ya samo masa aiki a ramin.

Ana nan aka kawo mana sabon manaja, Ba Sinyangwe. Ya sa aka kafa ƙaton allo a bakin ƙofa, kullum a rubuta yawan kwanakin da aka yi babu wanda ya ji rauni. Ya ce ranar da aka cika dubu za a yanka shanu, manya su zo daga Lusaka. Muka yi ta tafi.

Ba a kai kwana ɗari biyu ba wani lebura ya kai rahoton inji ya datse masa yatsa. Aka goge allo. Ba Sinyangwe ya tara mu duka a fili, ya nuna shi ya ce, "Ku kalle shi da kyau, ga wanda ya cinye muku shanu." Ya mayar da shi wankin bayan gida. Daga ranar babu wanda ya sake jin ciwo a raminmu. Sai dai mazajenmu suka yi ta faɗowa daga keke a gida.

Wata safiya Ba Kasonde ya buga rufi, ya ce wa helma, shugaban leburorin, kada a shiga. Helma ya bugo waya sama, manaja ya ce, "Ka gaya wa tsohon nan, in kunnensa ya fara yi masa ƙarya, akwai kujera a gida." Aka shiga. Kafin azahar dutse ya rufto wa Nkole a ƙafa.

Ta ƙofar baya aka fitar da shi, kwance a bayan mota an lulluɓe shi da tamfol. Ba Sinyangwe ya ja Ba Kasonde gefe ya ce in aka kai shi asibitin kamfani, su biyun sun rasa aiki, sun rasa gidan da suke ciki. A ce daga kan rufin ɗaki ya faɗo. Ba Kasonde ya tuna yara tara da ke kwana a gidan, ya yarda. A wani ƙaramin asibiti aka ɗaure ƙafar, ta ruɓe, aka yanke ta daga gwiwa. Da yake an ce a gida ya ji ciwon, sai kamfani ya sallame shi hannu wofi.

Ranar da abin ya faru, da yamma, Ba Kasonde ya ajiye mini fitila biyu, tasa da ta Nkole.

Ya kira ni yadda kowa ke kirana, wato uwar Lombe, ya ce, "Bana Lombe, nawa ne a allo yau?"

Na ce, "Ɗari shida da sha huɗu."

"Riƙe mini lambar nan."

Tun daga nan ya zama wani iri. In ya ga manaja har rusunawa yake yi. Ya ma roƙa a bar shi ya riƙa canza lambar allo kowace safiya. Leburori suka fara ce masa karen manaja. Ni kaɗai na san abin da yake ƙullawa, don kullum tambayarsa ɗaya: fitilar wa aka dawo da ita ba a hannun mai ita ba, kuma yaushe? Duk Lahadi in an tashi daga coci sai ya hau keke ya bi masu fitilun gida-gida. Wasu suka kore shi. Ya koma, ya sake komawa, fiye da shekara.

Ranar cika dubu aka kafa rumfuna, aka kayar da shanu uku, mata suna ta tuƙa nshima, tuwon masararmu. Motocin Lusaka suka tsaya, wata babbar mace ta fito, ita ce mai kula da lafiyar ma'aikata na kamfanin gaba ɗaya. Ba Sinyangwe ya ɗaura farar hular kwano sabuwa, ya kira Ba Kasonde ya rubuta dubun.

Ba Kasonde ya karɓi alli, ya yi fito. Sai ga mutum goma sha uku sun ɓullo daga bayan ɗakin fitila, inda na ɓoye su tun safe. Mai ido ɗaya, mai dungu, wanda bayansa ya karye ana turo shi a baro, Nkole a gaba kan sanduna. Kowa da kwali rataye a wuya, an rubuta lambar da ke allo ranar da ya ji ciwo. Suka jeru a ƙarƙashin allon. Masu kiɗa suka yi tsit.

Matar ta ce, "Su wane ne waɗannan?"

Ba Kasonde ya ce, "Masu faɗowa daga keke ne, ranki ya daɗe. Garin nan kekunanmu ba su da birki."

Ba Sinyangwe ya matso yana zufa. "Haba Ba Kasonde, mu shiga ofis mu yi magana irin ta manya."

"A'a, Ba Manaja. A fili ka saba nuna mutum da yatsa, yau ma a fili za a yi. Wancan yatsunsa nawa? Ƙirga mana. Ko lissafin naka a allo kawai yake aiki?"

Ya sa shi tsayawa gaban kowannensu, yana faɗin sunan mutum da ramin da abin ya same shi. Da aka zo kan Nkole, bai ɓoye nasa laifin ba. Ya ce, "Wannan ni na taya shi yin ƙaryar. Ku rubuta da sunana."

Biki ya watse. Wasu leburori har jifan rufin gidan Ba Kasonde suka yi don haushin nama. Bayan wata biyu aka kori Ba Sinyangwe. Ba Kasonde ya ɗauki hutun rana guda, ya kawo kujera bakin ƙofa ya zauna, don kawai ya ga fitarsa rungume da kwalin kayansa.

Matar Lusaka ta tambayi Ba Kasonde me za a gyara. Ya ce a cire allon, kuma duk wanda ya ce ba zai shiga wuri ba, a sauko a duba, kada a taɓa aikinsa. Aka sa doka, amma babu wanda ya yarda da ita. Sai da wani direban jirgin rami ya ƙi shiga, muka zuba ido mako guda muna jiran a kore shi. Maimakon haka sabon manaja ya gode masa a gaban kowa. Daga nan bakin mutane ya fara buɗewa, sannu a hankali.

Bara Nkole ya rasu. Muna zaman makoki sai ga Ba Sinyangwe, ya tsufa, ya rame, ya miƙa wa Ba Kasonde hannu. Shi kuwa ya kalli hannun, ya juya ga mata ya ce, "Ku zuba masa abinci, baƙo ne. Hannuna dai ba zai samu ba."

Fasto ya ce, "Haba ɗan'uwa, ai a gidan mutuwa ake yafiya."

Ya ce, "Wanda ke da ikon yafe masa shi muka binne jiya."

Ba Sinyangwe ya zauna shi kaɗai a gindin mangwaro har abincin ya huce. Da ya tashi tafiya, babu wanda ya raka shi ko taku ɗaya.