Ranar da Nas Ta Gaishe da Kawu

Ko tsufa ya zo ya kwashe min abubuwa da yawa daga ƙwaƙwalwa, akwai wata safiya da ba zai iya ɗauka ba. Ita ce safiyar da wata nas ta gaishe da aminin mahaifina a asibiti.

A Agege aka haife ni, a wani layi da jirgin ƙasa ke girgiza tagoginmu, ƙamshin burodi kuma ya riga rana shigowa gida. Baba kayan ciki yake sayarwa a mayanka. Ina ƙarama nakan tsuguna in kalli yadda yake juya hanjin bijimin sa, cikin ya koma waje, ya bi shi da ruwa a natse kamar mai wanke rigar jariri.

Ina shekarar ƙarshe a jami'a kansar hanji ta ɗauke yayan Baba. Likitan da ya duba shi ya ce lallai 'yan'uwansa su je a bincika su, ko ba sa jin ciwon komai, domin abin yakan bi jini, kuma shiru yake farawa. Ni na raka Baba. Likita ya ce hanya biyu ce. Akwai hoton na'ura, wanda mutum zai kwanta a ɗauki hoton cikinsa, ba maganin barci, ba daɗewa. Sai dai hoton yakan tsallake ƙananan tsiro, kuma in ya hango wani abu ba shi da hannun cirewa. Akwai kuma kyamara a bakin siririn bututu, da ake zurawa ta dubura mutum yana barci. Ita tana da ɗan haɗarinta, amma ido da ido take ganin hanji, in ta tarar da tsiro ta cire shi nan take. Ga wanda ya rasa ɗan'uwa ta wannan ciwo, in ji likita, kyamarar ya fi so.

Da Baba ya ji ta inda za a bi, sai ya gyara hularsa ya kalli bango.

A nan Kawu ya shigo. Ba ɗan'uwanmu ba ne, aminin Baba ne tun yarinta, muka taso muna ce masa Kawu. Yana da danfo, bas ɗin haya, a hanyar Iyana Ipaja, yana da mota mai sanyi, yana da muryar da ke cika majalisar mai shayi ba ta bar wa kowa wuri ba. Bai taɓa jin wata magana a duniya ya ce bai sani ba.

"Haba Alhaji!" in ji shi, a tsakar gidanmu, yadda maƙwabta za su ji. "Da gemunka, da 'ya'yanka, yaran nan su kwantar da kai su leƙa ka? Wace irin wahala ce wannan? Manya hoto suke yi. Je ka a ɗauke ka kamar oga, ka tashi da mutuncinka."

Baba ya zaɓi hoto. Abin da Kawu, masanin komai, bai gaya masa ba, likita kuma ya faɗa amma kunnen Baba ya riga ya toshe, shi ne hoton ma sai an sha maganin wankin ciki, sai kuma an sa ɗan bututu ta hanyar nan dai an hura iska. Mutuncin da aka tafi tsarewa, ko a hoton bai tsira yadda aka yi masa alkawari ba.

Sakamako ya fito: an hango wani tsiro. Sai an shiga da kyamara an cire shi a san ko mene ne.

Baba ya ce atafau. Kawu ya zo da kwalbar zuma da habbatus sauda, yana cewa inuwa ce kawai na'ura ta gani. Makonni suka wuce. Ni kuwa duk lokacin da na kalli Baba yana cin tuwo, sai in ji kamar ina jin abin nan yana girma a cikinsa a hankali, kamar ciyawa a tsagin bango. Mama, wadda ba ta saba ɗaga murya ba, ta ce masa, "Malam, kai da ko hanjin sa ba ka yarda ka sayar sai ka juya shi ka ga cikinsa. Naka hanjin bai kai na sa ba ne?" Ya yi dariya, ya ce wai mata ba sa gane harkar maza.

Da ƙyar ya yarda ya koma ya saurari likita, saurare kawai. Ranar ana ruwa, Kawu ya ce shi zai kai mu a motarsa, don ya gaya wa likitan nan gaskiya a fuskarsa. Duk hanya yana bita. Da muka isa sashen hoto, sai aka ce mu hau sama, sashen kyamara, can likitan yake. Na lura Kawu ya rage sauri a matakala. Ya ce bai gyara fakin ba. Baba ya riƙe hannunsa ya ce, "Muje mana, ai kai ne bakina yau."

Muna shiga, wata nas Bayarabiya mai fara'a ta ɗago kai daga teburinta. Tana ganin Kawu, fuskarta ta washe.

"Ah, Alhaji! E kaabo, sannu da zuwa! Har ka dawo? Ai lokacinka bai yi ba tukuna." Ta juyo gare mu da Hausarta ta kasuwa. "Wannan baba, bara da maganin barci ya kama shi, waƙa ya dinga yi mana. Amma ya yi ƙoƙari, an cire masa nasa tsiron lafiya lau."

Sai ta ga fuskokinmu, ta kama bakinta. Na sani bai kamata ta faɗa ba, sirrin majinyaci ne. Amma har yau in na tuna ta, addu'a nake mata.

Kawu ya tsaya da makullin mota a hannu, babbar rigar nan tasa ta zama kamar ta aro. Muryar da ke cika majalisa ta koma kamar ta sauro.

"Alhaji," in ji Baba a hankali, "kai ma?"

"Ai ni... nawa daban ne. Likitana ne ya matsa."

"Ni kuma nawa likitan wasa yake yi ke nan."

Mutumin nan ya je a ɓoye ya ceci ransa, ya dawo majalisa yana sayen suna da ran mahaifina. Ya san ɗacin maganin, ya san ba a jin komai, ya san a ranar ake komawa gida. Kalma ɗaya daga bakinsa da ta ishe mu. Ya gwammace ya kawo zuma.

Baba ya saki hannunsa. Ya dubi nas ya ce, "'Yata, ina maganin wankin cikin nan? Ba ni, ki faɗa min ranar zuwa." A danfo muka koma gida, ruwa na ɗiga mana ta taga, Baba na kallon titi. Kusa da gida ya ce, "Uwarki ta yi gaskiya."

An cire tsiron. Da aka auna shi, likita ya ce ya fara sauya kama, amma an riga shi. Baba na nan, yana juya hanji a mayanka. Kawu ma na nan a majalisa, yanzu bayanin siyasar duniya yake yi.

Ban raina hoton ba, shi ya fara hango abin, kyamara ta ƙarasa aikin. Abin da na raina, kuma na koyi gudunsa tun daga ranar, shi ne mai ba ka shawarar da bai ba kansa ba. In wani ya ce maka neman lafiya abin kunya ne, ka dube shi da kyau. Wataƙila akwai nas ɗin da ta san waƙarsa.