'Yar Hayar da Ba Ta Cin Lokaci

A ofis kowa Yaya yake ce mata, har waɗanda suka girme ta. Aikinta yana can cikin zuciyar manhajar babbar kwamfuta, inda kwamfutocin gaibu, waɗanda manhaja ce zalla ba ƙarfe ba, suke zaune kamar 'yan haya. Ita ta rubuta ma'aunin da ke duba lokacin da kowacce ta ci na ƙwaƙwalwar injin.

Wata rana da hantsi ta ga ɗaya tana nuna sifili, alhali fankar injin sai gurnani take. Ta matso kusa da allon, domin maƙwabciyar wannan 'yar hayar ce ke karɓar kiran motar asibiti, ga shi ta fara jan ƙafa.

"Yaya, aljani kika gani ne?" in ji wani abokin aikinta.

"Gara aljani. Wani yana cinye lokaci, ba na ganinsa."

Ta bi diddigi. Ashe 'yar hayar laɓewa take daidai sanda ma'aunin zai leƙo. Ta dakatar da ita, ta gyara ma'aunin ya riƙa kama shigar kowa da fitarsa.

Ba wanda ya gaya mata ko wani kira ya makara ranar. Ita ma har yau ta kasa tambaya.