Ranar da Fankar Motar Baba Ta Ƙi Tashi

Baba ya yi shekaru yana gyaran wutar mota a wata warsha, wato garejin gyara, a unguwar Sharafiyya, can ƙasar Larabawa inda muke zaune, kafin ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi. Da ya farfaɗo, hannun dama da ƙafar dama ba sa motsi, magana kuma ta ɗauke. Kalma ɗaya ta rage a bakinsa: "halas", wato "shi ke nan" da Larabci. Da ita yake neman ruwa, da ita yake amsa sallama, da ita yake faɗa. Hankalinsa kuwa garau, kana gani a idonsa.

Ni tela ne. Warin ruwan batir ciwon kai yake sa ni tun ina ƙarami, shi ya sa Baba ya ƙyale ni na koyi ɗinki. A harkar mota tuƙi kawai na iya. Da ya kwanta, motarsa ta dawo hannuna, wata tsohuwa ƙirar Amurka mai faɗi kamar kwale-kwale, wadda ya saya a mace ya tashe ta da hannunsa. Tana da mukayyif, na'urar sanyi, abin da ba kowace mota ke da shi ba a layinmu na unguwar Ruwais a wancan zamani.

Likita ya ce a riƙa kai shi asibiti ana motsa masa gaɓoɓi, ya kuma ja mana kunne kada zafi ya taɓa shi saboda hawan jini. Ran nan tsakiyar bazara ne, iskar teku ta tsaya cik, riga tana manne wa mutum a baya tun da hantsi. Ni da maƙwabcinmu, wani dattijo Bahaushen Sudan mai sayar da gawayi, muka ɗauko Baba muka zaunar da shi a kujerar gaba. Na tada mota, na tura makunnin fankar mukayyif ɗin. Shiru. Na mayar, na sake turawa har ƙarshe. Na kara tafin hannu a ramin iska, ko ɗan huci babu.

"Fis ne," in ji maƙwabcin. "Kullum fis ne."

Na durƙusa ƙarƙashin sitiyari na zaro fis ɗin ɗaya bayan ɗaya ina ɗaga su a rana. Ban ga wanda ya tsinke ba, amma ban ma san yadda tsinkakke yake ba. Na ɗauko akwatin kayan aikin Baba daga but, na sami sabo na sa. Shiru dai. Na bubbuga gaban motar da hannu kamar yadda na taɓa ganin direbobi suna yi.

"Halas," in ji Baba.

Na ɗago. Ya miƙa hannun hagu yana nuna wani wuri gaban gwiwarsa.

"Nan, Baba? Ƙarƙashin aljihun motar?"

"Halas."

Ban san ko i yake nufi ba ko a'a. Na zagaya gefensa, na kwanta rabin jikina a ƙasa, kaina tsakanin ƙafafunsa. Wayoyi ne birjik, ja da baƙi da kore, duk shi ya ɗaura su. Na taɓa ɗaya na dube shi. Ya girgiza kai. Na taɓa wata, ya sake girgizawa, ya ƙara miƙa yatsan da ƙarfi. Na ce ko bonet yake so in buɗe. Na buɗe, na tsaya ina kallon inji kamar baƙauye a kasuwa. Ta gilashi ina hango bakinsa yana motsi, jijiyar wuyansa ta tashi, yana kokawa da kalmar da ta ƙi fitowa.

Inna ta fito da tawul jiƙe da ruwan randa ta ɗora masa a ka. Ta ce da ni, "Ɗan nan, ku tafi haka mana, a sauke gilashi."

"Inna, likita ya hana."

"To zaman nan da yake yi a cikin ƙarfe, likita ne ya ce?"

Gaskiyarta, amma na kasa bari. Gani nake abin yana nan kusa, yatsan Baba yana kansa, ni ne dai makaho. Maƙwabcin ya ce ya taɓa ganin an ja waya kai tsaye daga batir zuwa fanka. Na ɗauko doguwar waya a akwatin, na maƙala bakinta a kan batir, na jawo ɗaya bakin ta taga. Baba yana ganin haka ya fara dukan gaban motar da hannunsa mai lafiya.

"Halas! Halas!"

Na ɗauka ƙarfafa mini gwiwa yake yi. Wayar ta goga jikin ƙarfe, wuta ta yi tartsatsi, roba ta narke a yatsuna. Na yi ihu na fizge ta. Da na dubi Baba, hawaye ne ke bin kumatunsa, ya juya fuska ya bar nuna komai. Ban taɓa ganin kukansa ba sai ranar.

Haka muka tafi gilashi a sauke, Inna a baya da buta tana sake jiƙa tawul. Cunkoso ya riƙe mu a hanya, iskar da ke shigowa kamar daga bakin tanda. Ina tuƙi ina satar kallonsa, fuskarsa ta yi jawur, numfashinsa sama sama. Da muka isa, mai motsa gaɓoɓin ya riga ya tashi. Wata ma'aikaciya ta auna jininsa, ta yi mana faɗa da Larabci, ta ce a kwantar da shi a ɗaki mai sanyi har la'asar. Muka zauna a benci, ni da Inna, muna jira.

Bayan 'yan kwanaki wani tsohon abokin aikinsa, mutumin Yaman, ya zo duba shi, na roƙe shi ya leƙa motar. Ya daɗe a kwance a ciki kafin ya gano. Wayar da ke haɗa fankar da jikin mota ce gishirin teku ya ci, tsatsa ta raba ta da ƙarfen. Ya kankare ya ɗaure, iska ta taso.

Na ce, "Baffa, ita Baba yake nuna mini?"

Ya goge hannu a tsumma ya ce, "Wallahi ban sani ba. Abu uku ne a wajen, kowanne zai iya kashe fanka. Mai yiwuwa ita ce."

Ya shiga ciki wurin Baba, Inna ta kawo shayi da na'ana'a. Ina jiyo shi daga zaure yana ba shi labarin warsha, wa ya tafi, wa ya buɗe tasa. Ni kuma na koma shago da yatsu a naɗe. Sai da na yi kwanaki ban iya zura zare a allura ba, maƙwabcin shagona ne yake zura mini.