Dokin da Kaka ta hana shi isa kasuwa

Shekarar da gubar dalma ta shiga Yargalma ina yarinya. Ƙanena Sani na cikin yaran da ta ɗauka, kuma tun ranar da aka kai shi makwancinsa Inna ta shige ɗaki ta ƙi fita. Ba rijiya, ba gidan suna, ko tsakar gida sai da dalili. Baba ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya gaji. Har an fara cewa a mayar da ita gidansu a Gummi, ni kuwa abin da nake tsoro ke nan.

Kaka, mahaifiyar Baba, ita ta ɗauki daka da girki da ƙafafunta masu ciwo. Duk da haka bayan isha sai ta ja itace ta hura wuta dab da ƙofar Inna, ta zauna da nishi ta soma mana tatsuniya. Ko buɗe tatsuniyar ba ta yi sosai, "Ga ta nan" kawai, ba ta jiran amsarmu.

Labarin wani baƙin doki ne da ya saba tafiya kasuwa da ɗan'uwansa, sai ɗan'uwan ya mutu. Daga nan in aka fito da shi shi kaɗai, yana kai bakin gari sai jiki ya ɗauki rawa, ya yi ta haniniya yana ja da baya. Mutane suka ce a sa bulala. Mai dokin ya ƙi. Ya sauka ya ja shi da hannu zuwa gindin tsamiya, ya bar shi ya ci ciyawa, ya juyo da shi gida tun bai nemi komawa ba. Washegari suka ɗan wuce tsamiyar. Wata rana dokin ya tubure, aka koma farko.

Wallahi labarin ya ishe mu. Ba kura, ba aljani, kullum doki na cin ciyawa. Na tambayi Kaka yaushe zai kai kasuwa.

"Ke, mi kike sauri? Wanga doki ba a yi mai gaggawa."

Ban lura ba a lokacin cewa wutar ma tafiya take. Yau tana ƙofar Inna, jibi ta kai gindin turmi, bayan sati tana kusa da zaure. Inna kuwa takan jawo tabarmarta ta zauna inda ɗumin ya kai. Ranar da ta ɗauki tulu ta nufi rijiya ita kaɗai, Kaka ta yi barci tun magariba, tatsuniyar ba ta sake tashi ba.

Sai da na yi aure na haifi nawa na gane wa ake ba labarin. Kaka ta riga ta rasu. Na je wa Inna da wannan wayo nawa, ina jin na gano abu. Tana tsince shinkafa ta amsa.

"Tun daren farko na gane. Ba dokin ya fito da ni ba. Tsohuwa ce nike gani tana jan itace da ƙafafun nan, na san in ban matsa ba, ba za ta daina ba."